Gobe Kowa Zai Biya

Rahinatu 'yar ƙanena ta gama kwalejin malamai, an tura ta wata firamare a gefen Karaga. Shi ne ta kwaso ƙawayenta biyu suka zo mini sallama a gida, nan Salaga. Ina zuba musu koko na ji tana gaya musu ita kam ta huta, ajin ƙanana aka ba ta.

"Ai wannan ba aiki ba ne, Gwaggo," in ji ta. "A, B, C ne da waƙa, sai a tashi."

Na ajiye ludayin. Na ce su gyara zama, yau ba mai hawa mota sai ta ji abin da ake kira aiki. Abin da na gaya musu ran nan shi zan maimaita, don na san ba su kaɗai ke wannan tunanin ba.

Aikin farko da aka sa ni a koyarwa shafen allo ne. Ina yarinya ɗanya aka ɗauke ni mai taimaka wa malami a ƙarƙashin Masta Iddi, wani dogon Bagonje mai gashin baki. Ya miƙo mini tsoffin batura, ya ce in fasa in kwashe baƙin garin ciki, in dama da ruwan sitaci in shafe bango. Hannuna ya daɗe bai koma kalarsa ba, har mahaifiyata ta ce boko aka ce mata zan koyar, ba a ce mata sayar da gawayi ba. A wurin Masta Iddi na koyi karya alli biyu don kada ya yi ƙara a allo. A wurinsa na koyi rubutu ina tsaye a karkace, ido ɗaya na kan yara. Shi ya nuna mini yadda ake gane yaron da bai karya ba tun daga yadda yake riƙe fensir. Amma abin da ya fi alfahari da shi murya ce. In ajinsa ya ɗauki karatu baki ɗaya, masu lodin doya a kasuwa suna ji. Yakan ce in ya tsaya a titi bai ji muryar ajinki ba, to barci kike yi. Ni kuwa na koyi wannan sosai, ajina har ya fi nasa tsawa.

Da yamma in na koma gida, wata makarantar nake tararwa a zaurenmu. A wurinmu in an ce makaranta to ta allo ake nufi, ta boko kuwa sukul muke ce mata. Baba yana da yaran unguwa da ke zuwa bayan la'asar, su ma ihun suke yi, kowa da nasa allon. Sai dai ba mai wanke allo sai ya zo gaban Baba shi kaɗai, ya durƙusa ya biya abin da ke ciki. In ya kawo daidai a ƙara masa, in ya yi tuntuɓe ya koma ya sake. Kullum ta gefensu nake wucewa in shiga cikin gida, ban taɓa kawo wa raina cewa wannan ya shafi aikina ba.

A Yendi aka buɗe mini ido. Aure ya kai ni can, ina riƙe da aji uku, sai ga wani shiri na koyar da karatu ya zo da fararen motoci. Aka kwashe mu zuwa Tamale aka horar da mu, aka ciyar da mu shinkafa da kaza har muka fara ƙyalli. Bayan mun dawo aka turo mana wata mata, Madam Adisa, tsohuwar malama ce ita ma, don ta ga yadda muke yi. Na ce yau za ta sha mamaki. Na sa yara suka buɗe littafi, suka zuba mata shafi guda baki ɗaya, ko numfashi babu. Ta tafa musu. Sannan ta ce in ara mata kujera 'yar tsugunno, ta fita baranda ta zauna, ta ce in riƙa turo su ɗaya bayan ɗaya.

Na fara tura Sanatu, wadda ke jan baƙi, muryarta ta fi ta kowa. Madam Adisa ta nuna mata kati mai kalmomin wancan shafin dai, amma a hargitse. Sanatu ta dubi katin, ta dubi fuskata, ta sake duban katin. Ashe yarinyar nan ba ta san inda kalma take farawa ba! Yaranmu Allah ya ba su hadda, abu in sun ji sau biyu ya zauna. Kunne ne yake karatun, ido yana hutawa. Madam Adisa ta dafa ni ta ce nata ajin ma haka ya yi mata, kuma ba don ta kama laifin kowa ta zo ba.

Tsarin da ta koya mana ba shi da wani sihiri. Ki saurari kowane yaro shi kaɗai, da rubutun da bai taɓa ji ba. Wanda bai san baƙaƙe ba ya zauna da irinsa, wanda ya fara haɗa su ya zauna da irinsa, mai iya karanta labari shi ma haka, ko ɗan aji nawa ne. Kowace safiya kafin a shiga darasi, a rarrabu haka a yi aiki. In an kwana biyu a sake sauraro, wanda ya motsa a matsar da shi gaba. Ta ce an gwada wannan a wurare da dama an ga amfaninsa, amma kada in yarda don ta faɗa. "Kujerar nan za ta gaya miki gaskiya," in ji ta. Ta kuwa gaya mini. Kafin damina ta wuce, uwar Sanatu ta shigo sukul da ƙwaryar ƙwan zabi a kai, tana dariya tana ƙorafi. Wai yarinya ta hana su sakat, duk motar da ta wuce sai ta tsaya a titi ta karanta abin da aka rubuta a bayanta da ƙarfi. Wallahi na ji daɗi ran nan, na soya ƙwan muka cinye a ofis.

Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo. Wa'adin shirin ya cika, motoci suka ɗauke ƙafa. Dama tun farko malamai "aikin masu mota" suke ce wa abin, to masu mota sun tafi. Aka canja mana shugaba, sabon ya kulle katunan a kabad don kada su lalace, gara ta shiga ta yi biki da su. Malaman da aka horar aka warwatsa su wasu garuruwa. Rukunonin kuma da lamba aka sa musu suna, yara suka laƙaba wa na farko "ajin ƙasa", har wani uba ya zo ya cire ɗansa, ya ce ba za a zaunar masa da ƙato cikin 'yan yaye ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lokacin aikin yana nan a rubuce a jadawali. Malami ya ɗaga ragowar kati sama, yara su amsa baki ɗaya, a ce ai ana yi. Sunan yana nan, ba mai sauraron yaro ko ɗaya. Na yi ta fama a ajina, amma aiki ne da ke haɗa azuzuwa, mutum ɗaya ba ya iya shi. Ina ji ina gani ƙannen Sanatu suka koma karatu da kunne.

Da aka tura ni Bawku a matsayin shugabar wata sukul kusa da kasuwar albasa, abu ɗaya na sa a gaba. Zan tayar da aikin nan, kuma wannan karon ba na so ya mutu ranar da na juya baya. Ba mota, ba kati, ba kaza. Na bi shaguna ina roƙon tsoffin kwalaye, muka yanka muka rubuta kalmomi. Wata mai sayar da lemo ta tara mana marafan kwalba, muka sa baƙi ɗaya a cikin kowane marfi. Marfi ya fi kati, ku riƙe wannan. Yaro yana iya tura shi da yatsa ya haɗa da wani, gara ba ta cinsa, in ya ɓace kuma ba mai kuka. Kafinta ya yi mini kujera gajera, don in kika zauna sama da yaro fuskarki zai karanta, ba rubutun ba.

Akwai wani matashin malami, Ticha Awini, Bakusashe ne mai kaifin kai. Shi ya tambaye ni da wane suna za mu kira abin. Ya ce in muka ce jarrabawa, rabin yaran zazzaɓi zai kama su gobe. Ina zaune sai zauren Baba ya faɗo mini. Na ce biya za mu ce. Rukunin farko kuma babbaƙu, na biyu farfaru, kamar yadda ake hawa karatun allo, na ƙarshe 'yan labari. A makarantar allo mai gemu ma yana farawa daga babbaƙu, ba wanda yake masa dariya. Awini ya ce bai san kalmomin ba amma sun yi masa daɗi a baki.

Ranar da muka shirya, na tsaya gaban taron tashi na ɗaga murya irin ta Masta Iddi. "Gobe kowa zai biya! Ɗaya bayan ɗaya, a gabana. Wanda bai biya ba, ba zai matsa gaba ba."

Yara suka watse da gudu. Ku sani, a Bawku kowa yana jin Hausa, Kusasawa da Mosawa da Bisawa da ita suke ciniki. Amma Hausar kasuwa ce, kuma a kasuwa biya ma'ana ɗaya gare shi.

Washegari ina karyo kwana na hango ƙofar sukul cike da mutane, mata sun ɗaure gyale a ƙugu. Awini ya taro ni da sauri, ya raɗa mini cewa suna shirin wucewa ofishin ilimi su kai ƙarata, wai sabuwar shugaba ta sa wa yara kuɗi. In maganar nan ta isa ofis a haka, ko an wanke ni daga baya, ba mai sake barina in zaunar da yaro a kujerar nan. A gaban taron akwai wata dattijuwa ƙaƙƙarfa, Mma Lamisi, magajiyar masu albasa.

"Kai ne sabon Madam?" ta ce. Haka suke magana, mace ma kai ce. "Gwamnati ya ce sukul kyauta. Kai ka zo jiya jiya, ka ce kowa ya biya. Biyan mene?"

Sai a lokacin na gane. Dariya ta kama ni har na dafa bango, ita kuwa ta ƙara ɗaure fuska.

"Mma, yi haƙuri," na ce. "Wannan biyan ba da aljihu ake yinsa ba, da baki ne. Tunda Allah ya kawo ku, kada kowa ya tafi. A fito da benci ku zauna ku gani. Kina da yaro a nan?"

Ta ce jikarta Talata tana aji huɗu, kuma ita ba ruwanta da wani gwaji, yarinyar littafi guda take karanta mata a gida da Turanci. Na sa sauran iyaye suka zauna nesa a inuwa, don ba a tara wa yaro ido. Mma Lamisi kaɗai na ajiye kusa da kujera. Na buɗe wa Talata littafinta, ta zubo shi tiryan-tiryan, kakar tana gyaɗa kai tana hararata. Sannan na rufe littafin, na jera marafai uku a ƙasa, kalma ɗaya daga cikin abin da ta gama faɗa yanzu. Talata ta sa yatsa a baki.

Mma Lamisi ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba sai na yi mata bayani ba. Ta daɗe tana kallon marafan.

"Wannan buhu ne ba a zazzage ba," ta ce. "Sama kyau, ba wanda ya duba ƙasa. Madam, yana gyaruwa?"

"Yana gyaruwa. In sabuwar albasa ta shigo kasuwa, ki dawo ki zauna a wurin nan."

"In ya karanta, ni zan kawo maka marfi har ka gaji."

Ta miƙe ta juya wajen matan ta yi musu jawabi da yare uku. Ba wanda ya je ofis. Wasu ma da suka ji abin da ake yi, gida suka koma suka jawo yaran da suka ɓoye saboda tsoron biya.

Sabuwar albasa ta shigo, Mma Lamisi ta dawo ba tare da an aika mata ba. Da safen nan Awini ya rubuta wani ɗan labari a bayan kwali, na wata akuya da ta shiga rumfar mai albasa, ba wanda ya taɓa jinsa. Talata ta bi shi da yatsa, a hankali, tana tsayawa tana haɗawa, har ta kai inda akuyar ta yi atishawa, sai ta fashe da dariya ita kaɗai. Wannan dariyar ita ce shaidata, don ba a haddace ta. Kakar ta rangaɗa guɗa, ta cire gyale ta shiga rawa a tsakiyar fili, yara suka fito ta tagogi. Marafai kuwa, buhu guda ta aiko da su, sai da muka raba wa wasu sukul biyu.

Daga nan ranar biya ta zama rana a unguwar. Kowane zango iyaye su zo su zauna a benci, kowa ya matso in an kira nasa. Sabon malami in an turo mana, ba na ba shi alli sai ya zauna kusa da tsohon malami a kujera ya koyi sauraro, ya koyi riƙe bakinsa. Wannan ne mafi wuya, don yaro in ya maƙale bakinki ƙaiƙayi yake yi. Kuma kujerar ba yara kaɗai take aunawa ba. Akwai wata waƙar baƙaƙe da ni kaina na ƙirƙiro, ina ji da ita, yara suna sonta. Muka saurari masu yinta muka ga ba su motsa daga babbaƙu ba, waƙar kawai suka iya. Awini ya dube ni, na ce to a jefar da ita mana, me kake kallona?

Lokacin ajiye aiki ya yi, aka yi mini walima aka ba ni atamfa, na dawo Salaga. Amma Yendi ba ta fita raina ba. Can na ji an mai da Awini garin Zebilla, an kawo shugaban da bai taɓa jin sunana ba. Na ce shi ke nan, an sake irin ta Yendi. Ko waya ban yarda na buga ba, don ba na son jin amsar.

Shekaru suka wuce, bikin suna ya kai ni Bawku. Da safe na ce wa masu masaukina zan taka ƙafa, ƙafar kuwa ta san inda za ta. Tun daga nesa ban ji ihun aji ba. Na shiga, sai ga benci a inuwa, mata zaune. Ga wata yarinyar malama, ba ta wuce sa'ar Rahinatu ba, a kan kujera gajera, yaro a gefenta, marafai a ƙasa. Murna ta kwashe ni na doso su ina rafka sallama.

Malamar ta ɗaga mini hannu ko kallona ba ta yi sosai ba. "Mma, yi haƙuri, ana biya. Ba a magana in ana biya. Samu wuri can ki zauna."

Na samu bakin benci na zauna kamar an tsoma ni a ruwa. Yaron ya maƙale a wata kalma, ya waiwayo yana neman fuskar da za ta cece shi, ya samu tawa. Ban san leɓena ya motsa ba.

"Mma! Kada ki gaya masa. In kin gaya masa kin cuce shi."

Sai na ji an mintsine ni a cinya. Na juya, Mma Lamisi ce, ta tsufa, haƙora sun tafi, idon nan dai yana nan. Ta buɗe baki za ta yi shela, na toshe mata da hannu na ce ta rufa mini asiri. Kafaɗunta suna rawa don dariya ta raɗa mini, "Madam, yau an kama ka." Ita ta ba ni labarin cewa sabon shugaban ya so ya mai da lokacin na shirin jarrabawa, zango ɗaya ya wuce ba a kira iyaye ba. Matan kasuwa suka rufe rumfuna suka zo suka cika masa ƙofa, suna tambaya yaushe za a biya. Wai shi ma bawan Allah da farko ya rantse musu bai sa wa kowa kuɗi ba.

Da aka tashi malamar ta zo ta gaishe ni da ladabi, ta ce in jikana na kawo sai ya fara biya a ga inda za a sa shi. Ta zauna ta yi mini bayanin babbaƙu da farfaru dalla-dalla, da dalilin da ya sa kujerar take gajera. Na saurara har ƙarshe, ba ta bar komai ba. Na ce, "'Yata, wa ya kawo muku wannan tsarin?"

Ta dube ni da mamaki. "Kawo? Ba wanda ya kawo, Mma. Haka ake yi a nan."

An ba ni atamfa, an yi mini jawabi, amma duk aikina ba abin da ya faranta mini rai kamar tsawar da yarinyar nan ta yi mini. Na fito ina share ido ina dariya, Mma Lamisi tana riƙe da hannuna tana ce mini in yi sauri kafin a sake korata.

Da na kai nan, kokon su Rahinatu ya huce ba wadda ta sha. Na shiga ɗaki na ɗauko kujerar da nake zama in yi tsintar shinkafa, na ɗora mata a cinya.

"Gwaggo, a Karaga me zan ce musu sunansa?"

Na ce ta je ta saurari yadda mutanen wurin suke magana, sunan yana bakinsu. In kuma iyaye suka ji shi a karkace suka cika mata ƙofa, kada ta tsorata, sai dai ta sa a fito da benci.